Dokin Zuciya da Linzaminsa: Tambayoyi da Amsoshi kan Maganin Gyaran Tunani ga Masu Saurin Fushi da Kai Hannu

A Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara, idan mutum ya yi suna wajen saurin hannu, abin da aka saba cewa shi ne "zuciya gare shi" ko "hali zanen dutse", sai kowa ya riƙa kauce masa, matarsa da 'ya'yansa kuwa, waɗanda ba su da wurin kaucewa, a ce su ƙara haƙuri. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda iyaye da malaman makaranta da matan aure suke yi ne idan suka ji cewa akwai maganin wannan hali wanda ba allura ba ne, ba kuma ƙwaya ba.

Mene ne ainihin wannan magani, kuma daga ina ya samo asali?

Maganin gyaran tunani da ɗabi'a hanya ce ta koyar da mutum ya gane irin maganar da yake faɗa wa kansa a zuci kafin ya aikata abu, ya auna ta, sannan ya koyi wani martanin ya maimaita shi har ya zame masa jiki. Ma'aikatan lafiya suna taƙaita sunansa da CBT, kuma ba shi da wata alaƙa da CBT ɗin da ɗalibai suka sani na rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta. Mutum biyu aka fi danganta kafuwarsa da su, dukansu 'yan Amurka: Albert Ellis, wanda ya fara bayyana tsarinsa a 1955, da Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, wanda a shekarun 1960 ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki suna ɗauke da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba tare da sun gayyato su ba, kuma su ne ke hura wutar ciwon. A 1975 Raymond Novaco ya ɗauki wannan fahimta ya gina tsari na musamman domin masu zafin rai, kuma yawancin shirye-shiryen sarrafa fushi na yau daga nan suka yi reshe. Yawanci ana zama sau ɗaya a mako, na kusan awa guda, tsawon mako takwas zuwa goma sha shida, ko mutum shi kaɗai da ƙwararre ko kuma cikin rukuni.

Ai fushi halitta ne. Me ya sa za a nema masa magani?

Gaskiya ne, kuma babu wanda ke neman ya cire wa mutum fushi. Wanda aka kwace wa gona ko aka sace wa shanu, idan bai ji zafi ba, shi ne ma abin dubawa. Abin da ake yi wa magani shi ne tazarar da ke tsakanin jin zafin da ɗaga hannu, wadda a wurin wasu mutane ta gajarce har ta kusa ɓacewa. Alamar cewa lamarin ya wuce gona da iri ita ce martanin ya fi laifin girma nesa ba kusa ba, abin ya riƙa maimaituwa, kuma ya fara cinye wa mutum aure ko sana'a ko mutunci, ya bar shi kullum cikin da-na-sani.

Masana suna raba cin zarafi gida biyu. Akwai na zafin kai, wanda ke fashewa nan take idan mutum ya ji an taɓa shi, akwai kuma na ganganci, wanda ake shiryawa cikin sanyin jiki domin a sami kuɗi ko iko ko a tsoratar da wani. Wannan magani ya fi tasiri a kan na farko. Wanda ya zauna ya ƙulla yadda zai cuci mutane, maganarsa ta hukuma ce da kotu tun kafin ta zama ta asibiti.

Me ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa lokacin da aka ce idon mutum ya rufe?

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan curi da bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, ana kiransa amigdala. Aikinsa gadi ne. Da zarar ya hango abin da ya yi kama da barazana, ko harara ce ko tsawa ko wata kalma ta raini, sai ya aika saƙo cikin ƙasa da daƙiƙa guda, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, jini ya kwarara zuwa damatsa da cinyoyi, muƙamuƙi ya ɗaure. Duk wannan yana farawa tun kafin mutum ya gama fahimtar abin da aka faɗa masa. Tsari ne da ke ceton rai idan maciji ne a bakin ƙofa, amma mai gadin ba ya iya bambance maciji da igiya, kuma bai san bambancin ɗan fashi da yaron da ya zubar da kunu a tabarma ba.

Mai bambancewar yana bayan goshi. Wannan sashe na gaban ƙwaƙwalwa shi ke auna sakamako, ya tuna wa mutum cewa wannan fa ɗansa ne, ko kuwa gobe ma zai dawo kasuwar nan, sannan ya aika wa amigdala saƙon ta lafa. Bahaushe ya riga ya ba mu hoton da ya dace da ya ce wane ya hau dokin zuciya: amigdala ita ce dokin, goshin ƙwaƙwalwa shi ne linzami. An fara gane muhimmancin wannan sashe ne daga waɗanda suka ji rauni a wurin. Mafi shahara shi ne Phineas Gage, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta huda kuncinsa ta fita ta saman kansa. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mara haƙuri mai baƙar magana. A 2007 kuma, Emil Coccaro da abokan aikinsa a Jami'ar Chicago sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da ke fama da fashewar fushi yayin da suke kallon fuskoki masu nuna hasala, suka ga amigdalarsu tana tashi fiye da ta sauran mutane, sashen goshi kuwa yana yin ƙasa. Ga doki mai ƙarfi, ga linzami sako-sako.

Ya kamata iyaye su san cewa wannan sashe na goshi shi ne na ƙarshe wajen nuna, domin ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Saurayi ɗan 17 yana da ƙarfin babba da zafin babba, amma linzaminsa bai gama saƙuwa ba, kuma rashin barci da yunwa da ƙwaya duk suna ƙara sassauta shi.

Idan wani ne ya tsokane ni, me ya kawo maganar tunanina?

Wannan ita ce tambayar da kusan kowane mai zafin rai yake fara yi, kuma a nan ne zuciyar maganin take. A ɗauki misalin mai Keke Napep da ke fitowa daga kasuwar Tudun Wada da la'asar, rana ta gasa shi, bai haɗa kuɗin da zai kai wa mai keken ba, sai wani ɗan acaɓa ya gogi gefensa ya wuce bai waiwayo ba. Abin da ya faru ke nan, gogar ƙarfe da ƙarfe. Amma a cikin ƙiftawar ido wata magana ta gifta masa a zuci: "Ya raina ni ne, ya ga ni talaka ne, idan na ƙyale shi kowa zai taka ni." Wannan maganar ce ta sa ya ajiye fasinjojinsa ya bi ɗan acaɓan da sifana a hannu. Da maganar da ta gifta ita ce "wataƙila mara lafiya ya ɗauko", da tsaki kawai zai yi ya duba fentinsa.

A 1980 wani masani mai suna Kenneth Dodge ya gwada wannan a kan yara maza 'yan firamare. An sa kowane yaro ya haɗa wani abin wasa, sai wani yaron ya rushe masa shi, wani lokaci da gangan ƙarara, wani lokaci bisa kuskure ƙarara, wani lokaci kuma ta yadda ba za a iya tantancewa ba. Inda niyya ta fito fili, yara masu faɗa da marasa faɗa sun fahimci abin kusan iri ɗaya. Inda abin ya shige duhu ne suka rabu: masu faɗa suka ɗauka mugunta ce, sauran suka ɗauka tsautsayi ne. Mu a nan sunan wannan fassara "raini", kuma duk wanda ya taɓa zaman sulhu ya san sau nawa kalmar ke fitowa. Maganin ba ya cewa babu masu raina mutane. Yana koya wa mutum ya tambayi kansa hujjar da yake da ita, da wata fassarar da za ta iya zama gaskiya, da kuma abin da duka zai jawo masa ko da rainin ya tabbata.

Me ake yi a cikin zaman, a aikace?

Makonnin farko na sa ido ne. Ana ba mutum ɗan littafi ya riƙa rubuta duk lokacin da ransa ya ɓaci: ina ne, da wa, me aka yi, me ya faɗa wa kansa, me ya ji a jikinsa, me ya aikata, sannan ya ba zafin maki daga 0 zuwa 10. Wanda ba ya rubutun boko yana iya yi da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya da dare. Bayan mako biyu ko uku sai zane ya fara fitowa wanda shi kansa bai taɓa lura da shi ba, misali cewa yawancin rigimarsa da maiɗakinsa tana faruwa ne cikin rabin awar farko bayan ya shigo gida da yunwa, ko kuwa kunnuwansa kan yi zafi tun yana maki 4, alhali ba ya kai hannu sai ya kai 8. Tsakanin 4 da 8 ɗin nan shi ne filin aikin gaba ɗaya.

Daga nan sai a koyi kwantar da jiki, musamman jan numfashi a hankali ta hanci har ciki ya taso, da fitar da shi a tsawon da ya fi na shigarsa, domin dogon fitar numfashi yana rage bugun zuciya. Ana kuma koyon barin wuri ta hanyar da ba za ta zama wani sabon cin fuska ba. Maigida zai gaya wa iyalinsa tun ana zaman lafiya cewa idan ya ce "zan fita in dawo", to ba gaba ba ce, minti talatin yake nema, kuma lalle zai dawo a ƙarasa maganar. Sai kuma jimlolin da mutum zai tanada ya haddace, gajeru, da bakinsa ba da bakin likita ba, irin su "ba yau zan mutu don wannan ba" ko "yarana suna kallo".

Sashen da mutane suka fi jin nauyinsa shi ne na kwaikwayo, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani. Mai ba da maganin zai tsaya a matsayin wanda ya ci bashi ya hana, ya ɗaga murya, ya ce "ka je ka yi abin da za ka yi", shi kuma mai neman maganin ya gwada amsawa da murya daidai, ya faɗi haƙƙinsa ba zagi ba barazana. Karon farko yakan kasa, fuskarsa ta haɗe, hannunsa ya dunƙule duk da ya san wasa ne. Za a sake, a kuma sakewa, har jikinsa ya san hanyar. Wanda ya zo zama amma bai yi aikin da aka ba shi ya yi a gida ba, kamar wanda ya karɓo maganin zazzaɓi ne ya ajiye a kan taga.

Da gaske ne magana kawai tana iya sauya ƙwaƙwalwa?

Duk abin da mutum ya koya, a ƙwaƙwalwa yake zama, kuma hanyoyin jijiyoyin da aka fi bi su ne ke ƙara ƙarfi, kamar yadda turba ke fitowa a gona inda ƙafa ta yawaita. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke shafe shekaru suna haddace titunan birnin, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da sanin hanya ya fi na sauran mutane girma. Game da motsin rai kuwa, a 2002 wasu masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun bi masu tsananin tsoron magana a gaban jama'a, wasu aka ba su ƙwayar magani, wasu aka yi musu maganin gyaran tunani na mako tara, kuma a cikin waɗanda suka sami sauƙi daga ɓangarorin biyu an ga aikin amigdala ya ragu. A 2007 Matthew Lieberman ya gano wani abu mai sauƙi amma mai ban sha'awa: idan mutum ya kalli fuska mai fushi ya kira abin da sunansa, sashen goshi yana ƙara aiki, amigdala kuma tana lafawa. Wannan ya yi daidai da dalilin da ya sa ake koya wa mutum ya ce a ransa "fushi ne ya taso mini" maimakon ya bari fushin ya yi magana da bakinsa.

Binciken hoton ƙwaƙwalwa da ya shafi masu kai hannu kai tsaye, irin wanda Denis Sukhodolsky da tawagarsa ke yi da yara a Jami'ar Yale, sabo ne kuma adadin mutanen da ake gwadawa kaɗan ne, saboda haka hujjar da ta fi nauyi har yanzu ita ce ta abin da ake gani a halayya. Babu mai buƙatar a ɗauki hoton kansa kafin ya fara ko bayan ya gama. Ma'aunin da ya fi kowane inji gaskiya shi ne ko yaran gidan sun daina tserewa ɗaki idan suka ji sallamar babansu.

An taɓa gwada shi a wurin da ya yi kama da namu?

An gwada, kuma sakamakon Laberiya shi ne ya fi dacewa mu duba. A birnin Monrobiya, bayan yaƙin basasa, Christopher Blattman da abokan bincikensa sun ɗauki samari 999 daga cikin waɗanda aka fi jin tsoro, masu sata da sayar da ƙwaya da tsofaffin mayaƙa, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu sun sami zaman gyaran tunani na mako takwas, wasu dala 200, wasu duka biyun, wasu kuma ba su sami komai ba. Masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne, yawancinsu mutane ne da suka taɓa irin wannan rayuwa suka fita. Kuɗi kaɗai bai daɗe yana tasiri ba. Zaman kaɗai ya rage laifi da faɗa da farko, sannan tasirin ya ja baya cikin shekarar farko. Waɗanda suka haɗa biyun ne suka fi riƙe sauyin, kuma da aka koma neman su bayan shekara goma, aikata laifi da tashin hankali a cikinsu ya kai kusan rabin na waɗanda ba su sami komai ba. Darasin da nake ɗauka a nan ga Zamfara shi ne cewa saurayin da aka koya wa riƙe zuciya yana buƙatar ɗan abin yi da zai ba shi sararin gwada sabon halin.

A Chicago ma, wani shiri na 'yan sakandare maza ya rage kamun da ake yi musu kan laifin duka da kusan rabi a lokacin da shirin ke gudana. A gida Nijeriya kuma, Jibril Abdulmalik da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani ƙaramin gwaji a 2016 da aka yi da yara maza 'yan firamare a Ibadan, inda malamai suka ba da rahoton raguwar faɗa bayan an koya wa yaran dabarun warware matsala.

Ba gara mutum ya fitar da abin da ke cikinsa ya huta ba?

A'a. A 2002 Brad Bushman ya fusata wasu ɗalibai da gangan, ya sa wasunsu su daki buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma su zauna shiru. Waɗanda suka daki buhun sun fito da fushi mafi zafi, kuma sun fi saurin ramawa. Fasa kwano da dukan bango atisaye ne na duka.

Wannan bai ci karo da addini ba?

Wanda ya yi karatun zaure zai ga abubuwa da yawa da ya riga ya sani. Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi a aya ta 134 ta Suratu Ali Imrana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa wani mutum wasiyya da kada ya yi fushi, ya maimaita masa, ya kuma bayyana cewa mai ƙarfi na gaskiya shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ba gwanin kokawa ba. An ruwaito umarnin neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama idan mutum yana tsaye, da kishingiɗa idan bai huce ba, da yin alwala. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tsawaita tazarar nan da muke magana a kai, yana kuma sanyaya jiki. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana cikin natsuwa domin ya ciro su lokacin da rai ya ɓaci, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon dare.

Abin da maganin ya ƙara shi ne tsari da maimaici da wanda zai bibiyi mutum mako-mako. Da yawa daga cikin masu dukan iyalinsu sun haddace waɗannan hadisai, matsalar ita ce ba sa tuna su sai bayan hannu ya sauka. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, kuma ƙwararren kirki zai gina aikinsa a kan imanin wanda ya zo wurinsa.

Yaro mai faɗa fa? Ba bulala ce maganinsa ba?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Gerald Patterson, wanda ya shafe shekaru yana lura da iyalai a cikin gidajensu a jihar Oregon, ya bayyana wani zagaye da kowace uwa za ta gane: an hana yaro abu, ya yi kururuwa da shure-shure, uwa ta gaji ta ba shi, ko uba ya zo ya zane shi. A hali na farko ya koyi cewa rigima tana biya, a na biyu ya koyi cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kuma gobe zai gwada darasin a kan ƙanensa. Shi ya sa idan yaro bai kai shekara goma ba, yawancin aikin da iyaye ake yin sa: umarni ɗaya bayyananne a lokaci guda, yabo nan take idan ya yi daidai, da hukunci mara duka wanda ba ya sauyawa da yanayin ran babba. Yaran da suka fi girma ana haɗa musu da nasu zaman.

Ina roƙon iyaye da su yi nesa da duk inda ake ɗaure yaro da mari da sunan gyaran hali. Abin da aka gani a gidajen da jami'an tsaro suka buɗe a Kaduna da Katsina a 2019 ya isa ishara. Tsoro da azaba amigdala suke ƙara wa kaifi.

Akwai wasu dalilai na jiki da ya kamata a fara dubawa?

Akwai, kuma a jiharmu wannan tambaya tana da nauyi na musamman. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya da Bagega, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, kuma bincike a ƙasashe da dama ya danganta ta da raunin mayar da hankali da gaggawar aikata abu. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata. Wannan ba ya nufin duk wanda ya fito daga can mai faɗa ne, kuma zalunci ne a yi musu wannan kallo; abin da yake nufi shi ne idan ɗayansu yana fama da riƙe kansa, ya cancanci gwaji da taimako a madadin zagi.

Haka nan buguwar kai daga haɗarin babur, da farfaɗiya, da wasu cututtukan taɓin hankali, da shan tiramadol ko kodin ko sholisho, duk suna iya fitowa da siffar zafin rai. Sai kuma firgicin da ke biyo bayan hari. Mutumin da aka kora daga ƙauyensu a Maru ko Zurmi ko Shinkafi, wanda ya kwana a daji ko ya ga an kashe nasa, mai gadin ƙwaƙwalwarsa yakan ƙi komawa barci, sai ƙarar faɗuwar murfin tukunya ta sa ya zabura ya daka wa yaro tsawa. Irin wannan yana buƙatar maganin da ya fuskanci firgicin kansa, wanda shi ma wani reshe ne na gyaran tunani. Duk wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, ko yake jin muryoyi, ko ba ya tuna abin da ya aikata, likita zai fara gani.

Mijina yana dukana. In jira ya yi wannan magani?

'Yar'uwa, tsaronki da na 'ya'yanki shi ne farko, kuma ba ya jiran sauyin kowa. Ki sanar da waliyyinki ko wani babba da kika amince da shi, ki san inda za ki idan dare ya yi muni, kuma ki sani cewa kotun shari'a da hukuma suna da hurumin sauraron ki. Idan ya taɓa shaƙe ki, ko ya ɗauko makami, ko ya yi barazanar kisa, haɗarin babba ne ƙwarai. Ki kuma lura da abu guda: mutumin da ke iya riƙe zuciyarsa a gaban maigidansa na kasuwa da jami'in tsaro amma ba ya riƙewa a gabanki, linzaminsa yana aiki, zaɓar wurin sakinsa yake yi. Sakamakon shirye-shiryen gyaran masu dukan mata bai kai ƙarfin na sauran masu zafin rai ba, kuma ba a so a haɗa miji da mata a zama ɗaya muddin dukan bai tsaya ba. Maganin yana amfanar wanda ya yarda cewa hannunsa ne, laifinsa ne, ya kuma nemi taimako da ƙafarsa.

A ina za a samu, kuma idan babu ƙwararre kusa fa?

A fara da babban asibiti mafi kusa a nemi a tura mutum sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau tana karɓar waɗanda aka turo daga ƙananan hukumomi, sannan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato da Barnawa a Kaduna. A tambaya ƙarara ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da ke yin zaman gyaran tunani, domin idan ba a tambaya ba sau da yawa ƙwaya kaɗai za a rubuta. Ƙwaya tana da wurinta idan akwai wata cuta a ƙasa, amma ba ta koya wa mutum abin da zai faɗa wa wanda ya taka shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin mai neman magani.

Ƙwararrunmu kaɗan ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsarin taimaka wa masu damuwa mai zama biyar a 2016, wanda aka gwada a Fakistan da Kenya, da ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa bayan horo da sa ido. Ma'aikatan lafiya na matakin farko da malaman makaranta da limamai da ke zaman sulhu kullum su ne suka fi cancanta a ba irin wannan horo a Zamfara.

Idan mutum ya gama, ya warke ke nan?

Yawanci ana fara ganin bambanci bayan mako huɗu zuwa shida ga wanda ke yin aikin gida, kuma iyali kan riga shi lura. Amma tsohuwar turba ba ta shafewa gaba ɗaya, kuma lokacin matsi, kamar ƙarshen azumin yini mai zafi, ko rashin ciniki, ko rashin barci saboda fargabar dare, ƙafa tana iya komawa kan turbar. Saboda haka zaman ƙarshe akan keɓe shi ne domin rubuta shirin ko-ta-kwana: alamomi uku na farko da mutum ya sani a jikinsa, wanda zai kira, inda zai je ya huce, da abin da zai yi washegari idan ya zame, wato ya nemi afuwa ba tare da "amma kai ma" ba, ya buɗe littafinsa ya rubuta abin da ya faru, ya koma wurin mai ba shi magani a yi zama ɗaya ko biyu na tunatarwa.